Jirgin da Ba Ya Jiran Kowa

Autarmu ta kai shekara huɗu ubanta bai taɓa ɗaukarta ba. Ina da cikinta ya tafi Jidda, a farkon shekarun nan da taki ya fi ƙarfin manomi, abin da muke nomawa ya daina kai mu ko bazara. Ya yi wanke-wanke a wani gidan abinci, daga baya wani da suke salla a masallaci ɗaya ya yi masa hanya, ya samu aiki a kicin ɗin wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗaukar masu yawon buɗe ido. Daga nan ya zama murya a waya. Manyan yaran biyu, mace da namiji, sun san shi, suna tuna yadda yake ɗora su a jaki in za a gona. Ita kuwa auta, in ya kira da hoto sai ta leƙa bayan wayar ta ga ko can ya ɓuya. In ba ta ga kowa ba ta yi tafiyarta. Zai yi ta kiranta, ni kuma ina riƙe da waya ina nuna masa bango.

Ƙauyenmu yana arewa da Bici, irin ƙauyukan nan da gona ke taɓa gona, gida ke jin tarin gida. Ni da yaran muna zaune da mahaifiyarsa, Inna. Waya ba ta kamawa a ɗaki, sai na fita bayan gida gindin kuka, a nan muke hira da shi bayan azahar in ya samu sarari.

A gindin kukar nan ya gaya min, dab da faɗuwar ruwan fari, cewa masu jirgin sun ba tsofaffin ma'aikata damar kawo iyalinsu tafiya ɗaya, kuma ya daɗe yana tanadi saboda ranar. Ya ce in makaranta ta yi dogon hutu mu taho, ni da yaran duka.

Na ce, "A kan ruwan?"

Ya ce, "To a kan me? Ba ke ce mai littattafai ba? Ga shi Allah ya kawo ki shafin ƙarshe."

Tsokanata yake yi, kuma yana da gaskiya. Tun ina budurwa nake karɓo hayar littattafan soyayya a wani shago a kasuwar Bici, in ɓoye su a ƙarƙashin katifa. A cikinsu, in an gama shan wahala, an yi kuka ya ƙare, iyaye sun sa albarka, ango yakan ɗauki amarya su tafi wata ƙasa. Ta tsaya a bakin jirgi iska na kaɗa mayafinta, shi kuma yana gaya mata maganganun da ba a faɗa a garinmu. Na sha tsayawa a bakin jirgin nan alhali ina tsugune ina tankaɗe. Sai dai a littafi ba a tafiya da yara uku, kuma ruwan littafi ba ya cin kowa.

Ruwan da muka sani yana ci. Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife a madatsar ruwa ba, aka yi ta jera yara a bakin gaɓa. Akwai kuma samarin ƙauyen gabanmu da suka bi sahara suka shiga teku, har yau uwayensu ba su san ko su karɓi gaisuwa ba. In aka ce jirgin ruwa a wajenmu, abin da ke zuwa ido ke nan.

Da Inna ta ji, sai ta biyo ni gindin kukar ta ce in ba ta wayar. Ta riƙe ta nesa da kunne kamar tana ƙuna.

"Kai mutum ɗaya ka tako ka zo, bai fi su huɗu su je su hau ruwa ba? Kuma da damina? Mutane na duƙe a gona, wasu don yunwa afafata suke dafawa, matarka da 'ya'yanka suna yawo?"

Ya ce, "Inna, in na sa ƙafa a gidan nan na ga gonar Baba, wallahi ba zan iya komawa ba. Kuma kin san daga ina tukunyar take tafasa."

Ta miƙo min wayar ta koma tsintar wake. Ba ta ce mu je ba, ba ta kuma sake cewa kada mu je ba.

Tafiya iri biyu ce aka ba shi zaɓi, duk a tekun da ke tsakanin Turkiyya da Masar, kuma ya ce ni zan zaɓa. Ya turo min taswira biyu a waya. A ta farko layin ya miƙe tsakiyar shuɗi, jirgin zai yi ta tafiya a kan ruwa, sai jefi-jefi ya tsaya. A ta biyu layin yana bin gefen ƙasa kamar akuya na bin danga, kusan kowace safiya a wata sabuwar tasha, a sauka a yini a gari, da yamma a koma. Ya bayyana min cewa ranakun da jirgi yake tsakiyar teku su ne ranakun wahalarsu a kicin, don mutane ba su da aikin yi sai ci, daga wannan tukunya sai waccan. Amma ranar da aka tsaya a tasha fasinjoji suna fita, aiki yana raguwa, ana ba shi 'yan sa'o'i ya sauka. A ranakun nan ne kawai zai iya yawo da yaransa a kan ƙasa.

Ban ma bari ya gama ba na ce ta biyun. Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji, kuma kalma ɗaya ce ta sauke shi: tasha.

Tasha na sani. Tun ina riƙe da zanen uwata nake zuwa tashar Bici. Mota ba ta tashi sai ta cika. Za ka ajiye ƙullinka a kan kujera, ka ce wa na kusa da kai ya duba maka, ka tafi ka sayi kayan miya, ka gaisa da dangi, ka yi salla. In ta cika ba ka nan, direba zai danna hon, ya yi faɗa, ɗan kamasho ya shiga kasuwa yana tambayar mai jan mayafi. Za a zage ka, amma ba za a bar ka ba. Da na gaya wa Inna jirgin kullum yana tsayawa a tasha, ita ma sai fuskarta ta saki.

Ta ce, "Au, ashe da tasha. To ai da sauƙi. In kun ga direban yana ganganci ku sauka ku nemi wani."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su cikin mafarki. Muka je Kano aka yi mana fasfo, ba mu gaya wa kowa dalili ba, don a shekarun nan ba a son a ji gida yana da mai aiko da abu daga waje. Ina noma a bayan gida ina ganin kaina a wata kasuwa ta bakin teku, shi a gaba, ni a baya, yara a tsakiya. Har rigar da zan sa na zaɓa.

Sai wata rana muna hira a gindin kuka, yana lissafa min abin da za mu gani a wani gari, masallatai da kasuwar kayan ƙamshi, na ce masa cikin wasa, "Ka san ni da kasuwa. In mun makara sai ka ce wa direban ya ɗan jira mu."



Ya ce, "Maman yara, ba ya jira."

"Ko ba a cika ba?"

"Ba ruwansa da cika. Ana rubuta lokaci a bakin ƙofa. In lokacin ya yi a janye gadar shiga, a kwance igiya."

Na yi dariya, don na ɗauka irin tsoratarwar da ake yi wa mata ce don su yi sauri. Sai ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa ta tagar kicin. Wani mutum ya taho da gudu a kan dandamalin tasha, ledoji a hannu biyu, yana ɗaga su sama yana ihu. Jirgin ya riga ya raba jiki da bango, ruwa ya shiga tsakani, ba shi da faɗi ma, kamar a ce daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya. Matarsa tana sama tana kuka.

Na ce, "Matarsa na ciki aka tafi?"

"Har da 'ya'yansa."

"Su ba su da imani ne?"

"Ba rashin imani ba ne. Wani jirgin yana jiran wurin, can gaba ma an ba su lokaci."

"To kai ba sai ka yi musu magana ba? Ai ma'aikacinsu ne kai."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da nake feraye dankali a ƙasan jirgi? Matuƙin nan ko a hanya ya gan ni bai san ni ba."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na tsaya a gindin kukar ina kallon gonar dawa, sai na tuna ban ga auta ba tun da na fito.

Don ita autar nan ƙafa gare ta. Tun da ta iya tafiya ba ta zama inda aka ajiye ta. An tsince ta a garken awakin maƙwabta tana musu hira. An tsince ta tana bin masu tallar nono har bakin titi. Da damina in dawa ta yi tsawo takan shige ciki, sai dai a bi motsin ganye. Ba ta kuka in ta ɓata, don a ganinta ba ta ɓata ba, mu ne muka yi nisa. A ƙauyenmu wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Kowa ya san 'yar waye, kafin a ankara wani ya dawo da ita a kan keke yana cewa ga 'yar yawonku. Ranar ma a gidan mai ƙosai aka samo ta, bakinta duk mai. Na riƙe ta ina kallon ƙafafunta masu ƙura, ina tunanin garin da ba wanda ya san 'yar waye, ba wanda zai ji abin da take faɗa, ga kuma ƙaton jirgi yana kwance igiya.

Daga ranar abinci ya daina min daɗi. Na koma na buɗe taswirar farko, mai tafiya a tsakiyar ruwa, na ce ko ita ce mafita, tunda a can babu inda za ta je. Sai zuciyata ta ce akwai inda za ta je. Na ga ta tana hawa ƙarfen bakin jirgi, wurin nan da na daɗe ina tsayawa da mayafina, tana leƙa ƙasa don ta ga kifi. Na kife wayar. Na sake buɗe ta biyun, na ga kowane ɗigo a bakin ƙasa ya zama kasuwa cike da ƙafafun baƙi. Nan ruwa, can tasha. In na rufe ido ina sujada, ɗayan biyun nake gani.

Inna ta lura. Da na gaya mata jirgin ba ya jira, ta ajiye maficinta.

"To wannan ai ba tasha ba ce. Wa ya sa mata suna tasha?"

Ta yi tunani, sannan ta faɗi abin da na san za ta faɗa. "Ki tafi da masu hankalin. Ki bar min wannan. Duk inda ta shiga a garin nan gidan ubanta ne."

Maganar tana da hankali, shi ya sa ta yi min nauyi. Na kai masa ita washegari, na yi ta kewaye-kewaye, na ce auta ƙarama ce, ba za ta ma tuna ba, in ta girma a sake wata tafiyar. Ya bari na gama.

Ya ce, "Wace tafiyar? Wa ya gaya miki za a sake ba ni? Manyan nan na san nauyinsu a hannuna. Ita fa? Ko ƙamshin kanta ban sani ba."



Ya ƙara da cewa, "Ba zan tilasta miki ba. Ke kike tare da ita, ke kika san ta. Amma kada ki ce min ba za ta tuna ba. Ni zan tuna."

A littattafaina in namiji ya yi irin wannan magana, mace takan fashe da kuka ta ce ko cikin wuta ne za ta bi shi. Ni dai na ce masa zan yi tunani, na koma gida na dama wa yara kunu.

Tunanin da na yi shi ne in gwada. Ranar kasuwar Bici na shirya su ukun, muka shiga tsohuwar bas ɗin da ke kai mutanen ƙauyenmu. Na ce wa yaran yau motar nan jirgi ce, kasuwa kuma baƙon gari, da an kira la'asar dole kowa yana kan kujerarsa. Manyan suka ji daɗin wasan. Na je wajen direban, mutumin unguwarmu ne, sa'an maigidana, na ce masa in an kira salla aka idar ya tafi, ko mun dawo ko ba mu dawo ba.

Ya dube ni ya dubi yaran. "In tafi in bar ki a kasuwa? In je in ce wa Inna me? Ko so kike abokina ya aiko a kama ni?"

"Don Allah dai ka tafi."

"To, ranki ya daɗe. Har ma na tafi."

Na riƙe hannun auta tun daga tasha, riƙon da har ta yi ƙara. Muka bi layin 'yan atamfa, muka bi na 'yan takalma, ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. A layin hatsi na tsaya tambayar masara. Mai awo ya faɗi abin da ya sa na ce ya maimaita. Na sa hannu a buhun in ji ko ta bushe, hannu biyu, kamar yadda kowace mace take yi. Da na ɗago, babu ita.

Na tambayi yayarta, ta ce ta ɗauka tana wajen yayanta. Shi kuma yana kallon wani mai gyaran rediyo. Na ce su riƙe juna su tsaya a nan kada su motsa. Na shiga kasuwa ina kiran sunanta. Ban taɓa sanin kasuwar Bici tana da lunguna haka ba. Kowace yarinya mai jan kallabi ita ce, sai na juyo da ita in ga baƙuwar fuska. Na leƙa ƙarƙashin teburan mahauta. Na je bakin titi inda manyan motoci ke wucewa, na dawo. Mayafina ya faɗi wani ya miƙo min, ban ko gode ba. Ina tsakiyar layin 'yan tukwane aka kira la'asar.

Na tsaya cak. Na san wasa ne, ni na ƙirƙiro shi, amma ƙafafuna ba su sani ba. A cikin kaina an janye gada. Biyu suna can, ɗaya tana nan, ni ina tsakiya, kuma dole in zaɓi gefen da zan tsaya kafin ruwa ya shiga tsakani. Har aka idar da salla ban zaɓa ba, ina ta zagaye wuri ɗaya.

Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ce ta kawo ta. Ta gan ta a kara, wajen dabbobi, ta tsuguna tana kallon yadda ake duba haƙoran rago. Matar daga wani ƙauye take, ban taɓa ganinta ba, amma ta san Inna tun suna 'yan mata.

Ta ce, "Ina ganin goshin nan na ce wannan jinin gidan wance ne. Goshin ubanta sak. Yana can ƙasar Larabawa har yanzu?"

Auta kuwa sai ba ni labari take, wai ragon ba shi da haƙori a sama.

Rana ta yi sanyi sosai kafin mu isa tasha. Bas ɗin tana nan inda muka bar ta, cike, mutane na fifita da kwali. Kujerunmu ne kawai babu kowa.

Direban ya leƙo ta taga. "Ga shi na tafi tun ɗazu. Wannan da kike gani inuwata ce."

Wata daga baya ta ce, "Hajiyar Kano, a shigo mana, tuwo na jiranmu."

Na zauna na ɗora auta a cinya, sai kuka ya ƙwace min. Suka yi ta ba ni haƙuri, ai an gan ta, ai yaro sai Allah. Sun ɗauka kukan murna nake. Ni kuwa motar nake wa kuka, da direban, da mai daddawa, duk abubuwan da ba zan iya sawa a jaka in tafi da su ba. A cikin motar nan na yanke cewa Inna ta yi gaskiya. Zan bar ta.

Bas tana sauke mu a bakin titi, daga nan akwai 'yar tafiya ta cikin gonaki. Auta ta yi barci, ga kaya a hannuna, sai na ce yayarta ta ɗora min ita a baya, na ɗaure da mayafi. Rabon da in goya ta tun da aka yaye ta. Ta yi nauyi, ƙafafunta na dukan cinyoyina. Muna tafiya tsakanin gero da dawa, numfashinta na sauka a wuyana, sai na lura da wani abu. Tun ranar da aka ce min jirgi ba ya jira, wannan ne karo na farko da ban tambayi kaina ina take ba.

Da muka isa gida ban sauke ta ba na tsaya a gaban Inna na ce ta ara min zanen saƙinta mai kauri da majanyi.

Ta dube mu sama da ƙasa. "Wannan goɗai-goɗai da ita? Ai sai a ce ita ta goya ki."

"Da ita zan tafi, Inna."

Ta tashi ta ɗauko zanen. Sannan ta ce, "Ba a ƙirji za ki ɗaure ba kamar na jariri, zai kwance. Zo in nuna miki."

Na gaya masa na zaɓi mai tashoshin, kuma mu huɗu za mu zo. Ban gaya masa sauran ba. Ragowar makonnin na yi su ina koya wa bayana abin da ya manta. Da ita nake zuwa rijiya, da ita nake kai abinci gona. Da fari ta yi ta harbi tana cewa ita ba jaririya ba ce, yara na binmu suna mata waƙa. Matan unguwa suka ce ko wani cikin ne ya ƙi zuwa na koma wa tsohon. Ƙuguna ya yi ciwo har sai da Inna ta gasa min da ruwan zafi. Daga baya auta ta gane daga sama an fi ganin duniya, ta fara nuna min hanya da yatsa.

Ba zan ce komai kan jirgin sama ba, don idona a rufe na yi shi. Jirgin ruwan kuwa ya fi duk wani bene da na gani a Kano. Ranar da muka shiga, maigidana ya fito na ɗan lokaci da farar rigar aiki, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Manyan suka ruga suka ƙanƙame shi. Auta ta ɓoye fuskarta a bayana. Kafin ta yarda ta ɗago an kira shi ciki. Ƙarfen bakin jirgin nan na gan shi daga nesa, ko kusa da shi ban je ba har muka gama tafiyar.

Washegari muka wayi gari a tasha ta farko. Na karanta lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa, na sa babbar ta karanta, na sa yayan auta ma ya karanta. Ya fito da kayan gida, kaftanin da ya tafi da shi, ya yi masa yawa yanzu. Ya dubi goyon. Muka sauka.

Gari ne mai hawa da gangara, ga mutane kamar ranar idi. Turawa na kallon ƙatuwar yarinya a bayana, wasu na murmushi. Yana tafiya a gefena amma ba da ni yake magana ba, da bayana yake. Ya nuna mata jiragen kamun kifi, ta juya kai. Ya yi mata kukan akuya, ta juya ɗaya gefen. A wani fili mai tantabaru muka tarar da mai gasa masara, irin tamu sak, har ƙamshin. Ya saya wa kowa. Ya riƙe tata a hannu.

Ya ce, "Sauke ta."

Na dubi filin, hanyoyi sun fita daga cikinsa ta ko'ina. Na waiwaya, saman jirgin yana can bayan gidaje.

Na ce, "Ba ka san ta ba."

Ya ce, "Shi ya sa. Sauke min 'yata, maman yara."

Babbar ta taimaka min na kwance majanyin. Auta ta dira ƙasa tana miƙe ƙafa. Ya tsuguna a gabanta ya miƙa mata masarar, bai taɓa ta ba. Ta karɓa, ta dube shi, ta kewaye shi ta nufi tantabaru. Na yunƙura, ya ɗaga min hannu. Ya tashi ya bi ta a baya, taku ɗaya tsakaninsu. Ta bar tantabaru ta bi wata mage, ya bi. Magen ta shiga lungu, ta shiga, ya shiga. Na daina ganinsu.

Na tsaya a tsakiyar filin da zanen Inna a hannu, bayana yana min sanyi inda ta tashi. Babu addu'ar da ban karanta ba. Babbar ta ce, "Umma, kina murƙushe masararki."

Ta wani lungun daban suka ɓullo. Tana kan wuyansa, ta riƙe kunnuwansa biyu, tana juya kansa inda take so ya bi, shi kuma yana bi. Gashinsa duk ƙwayar masara. Da suka iso ta leƙo ƙasa ta ce min, "Umma, wannan mutumin ya ce wai shi ne na cikin waya."

Na ce, "Shi ne."

Ta ja kunnensa ta leƙa fuskarsa a juye, ta daɗe tana dubawa.

Tun rana na tsaka na fara cewa mu koma. Ya ce da sauran lokaci da yawa, na ce na ji, mu koma. Mu ne farkon waɗanda suka hau gadar, ma'aikacin ƙofa har ya tambaye shi ko wani ba shi da lafiya. A bakin ƙofar ya sauke ta don zai koma kicin, ta riƙe ƙafar wandonsa ta ce ina za shi, ita ma za ta. Ya ce gobe akwai wata tashar. Na ɗauke ta na mai da ita baya na ɗaure tamau, tana ta miƙa hannu wajen ƙofar da ya shiga.